Hawan Gidan Hedimasta

"Ba gudu nake nema ba," in ji Hedimasta, yana buga littafin hannunsa a jikin motar. "Ƙarfi nake nema tun daga ƙasa, kafin injin ya fara ihu. Ka gane bambancin?"

Gajere, bakaniken da ya shekara ashirin yana jinyar motar, bai ɗago kai daga cikin injin ba. "Na gane tun da safe, Baba. Sau huɗu ke nan kana faɗa."

"Sau huɗu nake faɗa wa ɗalibai, kuma rabinsu su faɗi jarrabawa."

Gidan Hedimasta yana kan tudu ne, ƙarshen wani dogon hawa da ya fara daga shagon tela. Shekara goma sha ɗaya rabon da motar ta hau shi da mutum biyu. Da ta kai tsakiya sai ta yi tari, ta girgiza, ta mutu. Don haka matarsa kan sauka a gindin hawan ta taka da ƙafa, shi kuma ya lallaɓa motar ya jira ta a ƙofar gida. Da ita da shi ba wanda ya taɓa kiran wannan matsala, sai makon jiya da likita ya ɗaga hoton gwiwarta ya ce hawa ya ƙare mata. Sannan ya dubi Hedimasta ta saman tabarau ya ce, "Ba ku da mota ne?"

Kwana uku Hedimasta yana karatu a kan wannan tambaya. Abin da ya samo shi ne ya sa Gajere gumi yau: an canza kamshaf, sandar da ke buɗe bawul da rufe su, an sa mai rufewa da wuri, an rage faɗin bututun salansa, an gyara taimin, wato lokacin da wuta ke kamawa a injin.

"Amma ka sani," Gajere ya ce yana goge hannu, "a babban titi ta zama jaki. Mai keke ma zai wuce ka yana gaishe ka."

"Ina za ni a babban titi? Waɗanda zan ziyarta sun mutu, sauran kuma da ma ba su karatu."

Suka gwada ta a hawan bayan gareji. Gajere ya zauna gaba, aka kira mai facin taya, wani ƙato da sai ya karkata yake shiga ƙofa, ya cika kujerar baya. Hedimasta ya saki kuloci, ya ɗan taɓa totur. Motar ta yi wani gurnani mai kauri da bai taɓa ji daga gare ta ba, ta haye kamar an kira ta cin abinci.

"Kai!" in ji mai faci. "Baba, wannan ko hedimastoci uku ta ja, har da littattafansu."

Da la'asar ya ɗauko matarsa daga gidan 'yarsu. Tun daga bakin ƙofa ya fara yi mata bayani: yadda iska ke shiga, yadda bawul ke rufewa, dalilin da ya sa ƙarfi da gudu ba abu ɗaya ba ne, da kuskuren da yawancin mutane ke yi a nan. Ta ce, "To." A wajen kasuwa ta ce, "Madalla." Wani mai keke ya wuce su.

Da suka iso shagon tela ta gyara jakarta, ta kai hannu ƙofa.

"Zauna," ya ce, da muryar mai raba kyaututtuka. "Yau ba mai sauka."

"Tsaya, Malam."

"Ba ki saurari abin da nake faɗa ba? Za ta hau. Mai faci ma ta ɗauka."

"Na saurara. Ka tsaya dai."

Ya taka birki. Ta juyo ta dube shi, babu fushi a fuskarta, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro.

"Malam, shekara arba'in da ɗaya nake aji ɗaya. Daga nan zuwa ƙofar gida ne kawai ake tashinmu hutu."

"Gwiwar fa? Likita ya ce..."

"Gwiwa ciwo kawai take yi. Ba ta yin bayani."

Ta sauka, ta rufe ƙofar a hankali. Tela ya ɗago daga kekensa ya gaishe ta kamar kullum.

Motar ta haye cikin ƙasa da minti ɗaya, ko tari babu. Hedimasta ya kashe ta a ƙofar gida. Da, yakan cinye lokacin jiran da buɗe bonet yana yi wa injin faɗa. Yau ba abin dubawa. Ya zauna yana kallonta ta madubi: tana tahowa, tana tsayawa, hannu ɗaya a gwiwa, tana kallon rufin gidajen mutane kamar baƙuwa mai yawon buɗe ido. Kafin ta kai rabi ya riga ya shirya mata amsa mai sassa uku, kuma duk ukun daidai ne.

Ta iso tana haki, ta dafa motar.

"Ta hau?"

"Ta hau," ya ce.

Ta jira sauran, kamar yadda ta saba. Sauran bai zo ba. Ta leƙo ta taga ta ƙare masa kallo, ta ga lafiyarsa ƙalau.

"To," ta ce, tana neman makulli a jaka. "In haka za ka riƙa yi, gobe ka kawo ni rabin hanya."