Fitilar Zulaihat da Askar Kaka

Duk unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda an san fitilar Zulaihat. Wata zagayayyiyar aba ce kamar bakin kwando, a kan sanda mai ƙafa uku, ana maƙala waya a tsakiyarta. Zulaihat malamar firamare ce, hoto ba sana'arta ba ce, ciwo ne kawai ya kama ta ya ƙi sakinta. Ɗakinta ya cika da tarkace: farar lema, shuɗin labule da take ratayawa a bango, batura masu cin cajin rana, igiyoyin wuta ko'ina a ƙasa. Ƙawayenta in sun yi sabon ɗinki sai su biyo, ta kunna musu fitila, su fito fes ba ƙurji ba tabo, baƙa ta koma wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ta koma fara. Yabo ya yi yawa har kan Malama ya fara kumbura, ta ɗauka babu fuskar da za ta gagare ta.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta ga abin burgewa ba, wato Kaka Saratu, mahaifiyar babanta, wadda aka ɗauko daga Badarawa tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Ita ta sa wa fitilar suna idon mujiya.

Wata Juma'a da hantsi baban Zulaihat ya shigo da baƙo har ƙofar ɗakin Kaka. Saurayi ne dogo, sunansa Ɗanasabe, mai fataucin raguna daga wani ƙauyen Nijar can gaba da Jangeru. Yakan zo cin kasuwar Shinkafi, kuma ya daɗe yana cigiyar wata Saratu, 'yar Abbati maƙeri na Badarawa, har aka yi masa kwatancen gidan nan.

Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Inna, kakata ta aiko ni. Sunanta Asiya. Tac ce tana da yaya."

Carbi ya suɓuce daga hannun Kaka. Kowa a gidan ya san sunan nan. A wata shekarar fari mahaifiyar Saratu da Asiya ta rasu, gwaggonsu ta goya ƙaramar ta yi arewa da ita, Saratu ta bi su da gudu har bayan gari aka riƙo ta. Tun daga ranar ko labari babu. Kaka ba ta taɓa idar da salla ba ta ambaci Asiya ba, amma a cikin jerin mamata take sa ta.

Ɗanasabe ya ce, "Sai dai a yi haƙuri, Inna. Shekarun baya an taɓa ce muna an gane ki wajen Zurmi. Munka ɗauko kakata bisa babur wuni guda, ashe wata Saratu ta daban. Da munka koma gida ta daɗe kwance. Ɗiyanta sun rantse ba ta ƙara taka hanya sai ta ga huska da idonta ta ce ita ta. Garinmu ko babu rezo, waya ba ta shiga, balle a yi kira ku ga juna."

Zulaihat da ke tsaye tana saurare ta tafa hannu. "In dai hoto na, ai an zo gida!"

Nan da nan ta kwaso tarkacenta. Hoton da za a kai wa dangi a wata ƙasa ba a yin sa haka kawai, wannan kowa ya sani. Aka ɗauko atamfar salla, aka zizara kwalli, aka shafe fuska da hoda. Kaka da kanta, mai zagin fitila, ta ce, "Ki gyara ni da kyau, 'yar nan. Kada su ce wahala ta cinye ni."

Zulaihat ta dasa fitilar daidai hancinta, ta ƙure haske, ta kunna abin nan na waya mai goge fuska. Hoto ya fito, gida ya ɗauki shewa. Kaka ta koma kamar matar da ba ta aurar da 'yar fari ba. Aka tura wa Ɗanasabe a wayarsa, ya kama hanya tun rana na sama, don hanyar ba a yi mata yamma.

Juma'ar da ta zagayo ya dawo. Ya zauna yana murza hula.

"Ta duba, Inna. Ta daɗe tana dubi. Tac ce matar kyakkyawa ta, Allah shi ba ta lahiya, amma ba ɗiyar gidansu ta ba. Tac ce ɗiyan Abbati duk an yi musu aska, wagga ko huskarta sumul."

Kaka ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ɗaga hannu a hankali ta shafa kumatunta, inda tsagen gidansu yake kwance tun tana jaririya, ya dushe ya shige cikin tamojin tsufa. Ta dubi Zulaihat ta ce, "Kin shahe ni, 'yar nan." Ta juya ta fuskanci bango.

Ɗanasabe ya ƙara da abin da ya fi ciwo. Zuwa ɗaya ya rage masa kafin ruwa ya sauka ya koma gona, gulbi kuma ya yanke hanya. Ga yana ta fara rufe idon kakarsa, ba wanda ya san ko baɗi za ta ga hoto.

Kunya ta rufe Zulaihat, haushin kanta ya hana ta cin abinci. Washegari ta lallashi Kaka, ta wanke mata fuska tas, ta kashe abin gogewar, ta sake ɗauka. Tsage bai fito ba, sai wani dishi-dishi da ba a bambanta shi da tamoji. Ta ce haske ne bai isa ba. Ta ƙaro fitilar caji, ta buɗe farar lema, ta aro tocilar maƙwabta, duk ta jera su a gaban tsohuwa har hawaye na zubo mata. Abin haushi, duk hasken da ta ƙara sai fuskar ta ƙara shafewa. Kaka ta kore ta da zagi, ta ce ta kwashe mujiyarta kafin ta makanta ta ita ma.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Ana gobe kasuwar Shinkafi, Zulaihat ta dawo daga makaranta a gajiye, ta zube a dakalin zaure bayan la'asar, ko ɗaki ba ta son shiga. Zauren na ƙasa ne, tun tana yarinya take wucewa ta cikinsa, bangonsa kuma a wurinta bango ne kawai. Amma a wannan lokacin rana ta sunkuya, haskenta ya shigo ta ƙofa ya bi jikin bangon a kwance. Sai ga sawun yatsun magini a cikin yaɓe, layi bayan layi, kowanne da 'yar inuwarsa a gefe, har inda hannunsa ya zame ana gani.

Ta miƙe tsaye. Ta kunna tocilar wayarta ta haska bangon gaba da gaba, sawun ya ɓace. Ta kashe, ya dawo. Ashe ba haske ke nuna tsaga ba, inuwar da ke kwanciya a cikinta ce, ita kuwa mako guda tana korar inuwa daga fuskar Kaka kamar mai korar kaji daga shanya.

Ta faɗa ɗakin Kaka ko sallama ba ta gama ba. "Tsohuwa, tashi! Sau guda ɗai, in bai yi ba ki sa a hwasa mujiyar."

"Da hannuna zan hwasa ta," in ji Kaka, amma ta tashi zaune.

Zulaihat ta rufe taga, ta saki labulen ƙofa, ɗaki ya yi duhu. Ta cire wayar daga tsakiyar fitila ta ɗora ta a kan turmi, ta tokare da ƙwarya. Fitilar kuwa ta janye ta daga gaba, ta kai ta can gefe daidai kunnen Kaka, ta rage mata ƙarfi, ta rufe fiye da rabinta da baƙin ɗankwali har ya zama siririn haske ne kawai ke fita. Ɗaya ɓangaren fuskar ya yi baƙi ƙirin, sai ta ɗauko farin faranti na tangaran ta jingina a kan matashi, ya maido ɗan haske kaɗan. Ta laƙato man kaɗanya ta shafa a kumatun, ba don kyau ba, don bakin kowace tsaga ya kama haske.

"Kada ki yi murmushi, Kaka. Dubi ƙohwa."

"Mi zan yi wa murmushi, ke da kin maishe ni abin wasa?"

Ta duba fuskar wayar. Ga su nan. Tsage ya taso daga gefen baki ya bazu zuwa kunne, ɗaya bayan ɗaya, a fili kamar kunyoyin gona bayan huɗa. Ta matsar da fitilar kaɗan, ta ɗauka. Ta mai da ita ɗaya gefen, ta sake ɗauka. A kumatun hagu ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba duk zamanta da matar nan: tsaga ɗaya ba ta tafi miƙe ba, ta rabu biyu a ƙarshenta.

Ta miƙa wa Kaka wayar. Tsohuwa ta kai ta kusa da ido. Fuska ce baƙa, tsohuwa, ba abin da aka ɓoye mata.

"Wagga ni ta," in ji ta.

Zulaihat ba ta yarda da ƙaramar fuskar waya ba a wannan karon, tunda idon da zai duba ya raunana. Ta hau keke napep zuwa wani shago kusa da kwalejin kimiyya, ta sa aka wanke hotunan biyu manya, baƙi da fari. Mai shagon ya kai hannu zai ɗan gyara fuskar, ta ce in ya taɓa ko layi ɗaya sai sun kwana a nan. Da Ɗanasabe ya biyo ran Juma'a ta sa su a tsakanin kwali biyu, ta naɗe da leda saboda ruwa, ta damƙa masa.

Sai jira. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Juma'a ta zo ta wuce ba Ɗanasabe, aka yi ruwan farko, mutane suka fita shuka. Kaka ta daina tambaya, Zulaihat kuma ta daina haɗa ido da ita.

Ran wata Litinin da azahar wata tsohuwar mota, taɓo har gilashi, ta tsaya a ƙofar gida. Zulaihat na tsakar gida tana wanki ta ji muryar Ɗanasabe yana cewa a yi a hankali da dokin ƙofa. Ya shigo riƙe da hannun wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ta rungume kwali biyu a ƙirji, gefensu duk ya lanƙwashe don yawan buɗewa. A kumatunta akwai tsage irin na Kaka sak.

Ba ta tsaya gaisuwa ba. Aka kai ta bakin gadon Kaka, ta durƙusa, ta miƙa hannu tana lalube har ta sami kumatun hagu. Yatsarta ta bi tsaga ɗaya a hankali, ta gangara, ta isa inda ta rabu biyu, ta tsaya.

"Yaya," in ji ta. "Nan nika sa yatsa in yi kwana."

Kaka ta riƙe hannun a kan fuskarta, kukan da ta ƙi yi tun tuni ya ɓalle. Matan gida suka taru a ƙofa, masu kuka na yi, masu guɗa na yi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Zulaihat ta tsaya da kumfar sabulu a hannu tana dariya hawaye na zuba, farin ciki ya cika ta har ba ta san inda za ta sa kanta ba. Asiya ta ce a nuna mata wadda ta yi hoton. Da aka turo Zulaihat gabanta ta dafa mata kai da hannu biyu ta yi ta sa mata albarka, ta ce na farkon ma ta ajiye shi, don matar ciki ta yi kyau, ko wace ce.

Can da aka natsa, aka sha ruwa, Kaka ta share ido da gefen zane ta gyara zama, ta jawo ƙanwarta kusa har kumatunsu ya haɗu.

"Ke mai mujiya, ɗauko tarkacenki ki yi muna tare."

Zulaihat ta ruga ta dawo da fitila da turmi da faranti. Tana cikin warware igiya Kaka ta ɗaga yatsa.

"Gehe za ki aje ta. Kuma kada wanda ya kawo muna hoda."