Farin Ƙyallen Yiu-tong

Shekara guda bayan sojojin Japan sun bar yankin Toisan aka kawo wa Fok Sam-mui labarin mutuwar ɗanta Yiu-tong. Ba gawa, sai hularsa. A al'ada dole a rataya farin ƙyalle mai layi biyu na yabon mamaci, kuma da harshen littafi ake rubuta shi, ba da maganar kasuwa ba. Ita kuwa ko sunanta ba ta iya karantawa, don haka ta kai ƙyallen rumfar Malam Auyeung mai rubuta wa jama'a wasiƙu.

Ta ce, "Malam, yadda aka yi za ka rubuta. Sunan ɗan mai gari Kwong ne ya fito a ɗaukar soja, aka musanya da na ɗana. A gonar shinkafa aka ɗaure shi da igiya. Ko bindiga bai taɓa ba, dako ya yi wa sojojinmu, zawo ya kashe shi a hanya."

Malam ya yatsine fuska. "Zawo? Haba Iya, a ƙyallen makoki? Littafi bai san zawo ba. Ai ko yaƙi ba ma kiransa yaƙi, sai mu ce garkuwa da mashi, ko hayaƙin hasumiyar tsaro."

"Ni ban ga mashi ba, igiya na gani."

"To, na ji. Ki dawo gobe."

Da ta dawo washegari ta yarda da shi, don rubutun ya yi kyau ƙwarai. Har ta shafa baƙaƙen da yatsa tana tunanin wanne ne igiyar.

Ranar makoki aka kunna turare, aka jera dafaffiyar kaza da lemo, aka rataya ƙyallen. Mai gari Kwong, da yake shi ne babba, shi ya miƙe ya karanta da muryarsa ta masu ilimi: "Da hayaƙin hasumiya ya turnuƙe, da kansa ya tashi ya ɗauki mashi. Ya koma ga kakanninsa naɗe cikin fatar doki, kamar sauran jarumai."

Dattawa suka gyaɗa kai. Kwong har da share ƙwalla, ga ɗansa tsaye a bayansa, ya yi ƙiba abinsa.

Sam-mui ta ɗaga kai ta kalli ƙyallen. Kwong ya matso ya rusuna mata.

"Iya, ki yi alfahari," in ji shi. "Ba kowace uwa ke haifar wanda zai tafi da kansa ba."