Kur Huɗu na Barau

"Kur ukku," in ji Barau, ya jingina da bangon zaure yana tari.

Na dubi kartar hannuna, na sake ƙirga makinta. Takwas. Daga bakin titi direban kamiyon Tsibiri ya danna oda karo na biyu.

"Baba, mota za ta tahi ta bar mu hwa," in ji Safiyatu, ɗiyarsa, tana tsaye bakin ƙofa da ƙunshin kayansa a ka.

"Ta jira. Hamidu na tunani."

Ni ne Hamidu, tela, kuma shagona na jikin gidan Barau. Tsohon soja ne. A asibitin Faransa, lokacin yaƙi, ya koyi wannan wasa da Nasara ke cewa birij, sa'ad da wasu hafsoshi suka rasa cikon na huɗu. Da ya dawo Maraɗi ya kama gadin biro, ofishin kumandan, ya koya mana ni da Idirisa na gidan waya da Maman Lawali malamin lakwal, makarantar boko. Shekara tara muna zama kowace Lahadi bayan la'asar, kuɗi ko tamma ba mu taɓa sawa ba. Biyu-biyu ake yi, ni ne abokinsa. Launin karta huɗu ne: kur, karo, pik da tirefil.

Tun farko ya kira kur ɗaya, na ɗaga zuwa biyu. Kur ukun nan tambaya ce: idan hannuna na da ƙarfi in ce huɗu, mu ɗauki alkawarin cinye zagaye goma cikin goma sha uku. Idan ba shi da ƙarfi, in yi shiru. Da maki shida kowa ya san shiru ne, da goma kowa ya san tafiya ce. Takwas ce ke hana mutum sakat, ni kuwa duk shekarun nan shiru nake yi da ita.

"Ka bar ƙirga kamar mai awon gero," haka yake ce mini kullum. "Dubi inda manyanka suka zauna. Sarki a launin abokinka ya hi sarauniya biyu da ke yawo a waje."

 Ranar kuwa ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Lokotoron asibiti ya sallame shi tun Alhamis, ya ce a kai shi gida Tsibiri cikin dangi, kuma duk mun san abin da hakan ke nufi.

Safiyatu ta sauke ƙunshin, ta sake ɗauka. "Baba Hamidu, kai ma? Mutum a wannan hali, maimakon tasbaha, karta?"

Kunya ta kama ni. Maman Lawali ya fara naɗe tabarma ta gefensa. Barau ya danne ta da hannu.

"Ba caca ba ce, ɗiyata. Tambaya na yi wa mutum, ina jiran amsa."

Na sake dubawa. Sarkin kur na hannuna. As ɗin karo, mafi girma a launinsa, na nan da ƙanana huɗu a bayansa. Pik guda ɗaya tak gare ni, wato daga zagaye na biyu Barau zai iya yanke pik da kur ɗina, tun da launin da aka kira shi ke yanke sauran. Babu sarauniyar banza ko ɗaya. 

"Kur huɗu."

Barau ya buɗe ido sosai. "Mi ka ce?"

"Huɗu na ce."

Idirisa ya jefa kartar farko, na shimfiɗa nawa a fili kamar yadda ake yi, don Barau ya yi wasa da su. Barau ya daɗe yana kallonsu, yana gyaɗa kai. Ya fara wasa, sau biyu karta na kuɓuce masa ina miƙa masa a kife. Oda ta sake tashi. Safiyatu ta fita, na ji tana roƙon direba, ta dawo.

Ya ci zagaye tara. Na goman ya dogara da inda sarkin tirefil yake, sai ga shi ya fito daga hannun Idirisa. Mun faɗi da ɗaya.

"Ka yahe ni, Barau," na ce. "Da na yi shiru da mun ci."

Ya riƙo wuyan hannuna, hannunsa zafi rau. "Kiran daidai ne. Sarkin ne ya zauna inda bai kamata ba. Gobe in ta sake zo maka haka, ka ce huɗu."

Ni da Idirisa muka ɗauke shi cak zuwa titi. Bai fi buhun gyaɗa nauyi ba. Aka kwantar da shi bayan kamiyo tsakanin mata masu komawa daga kasuwa, Safiyatu ta ɗora kansa a cinyarta.

Litinin ban iya ɗinki ba, na ɓata wuyan riga biyu. Laraba da hantsi na ari keke na nufi Tsibiri. Tun daga bakin gari na haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, ɗauke da magirbin haƙa da kwando.

Na yi wa Safiyatu gaisuwa. Ta ce da asuba ya cika, kuma ya samu kalmar shahada. Ta kawo min ruwa a ƙwarya. Na zauna a tsakar gidan ina riƙe da ita ban sha ba. Wata akuya ta zo tana tauna gefen zanen da aka shanya a kan danga, kuma babu wanda ya kore ta.