Matashin Kibiya a Gefen Dama

Ranar Laraba ce ya sauko da bakan matarsa daga ƙusa zai shafa wa tsarkiya kaki, ya tarar an sauya wa matashin kibiya gefe. Daga ranar gidan bai ƙara zama daidai ba.

Matashin nan ɗan guntun fata ne, bai kai farcen babban yatsa ba, ana manna shi sama da mariƙi don kibiya ta kwanta a kai. Da hannunsa ya yanka shi, ya manna a hagu, inda mai ja da dama yake buƙatarsa. Yanzu ga shi a dama, a karkace, an lafta masa gam kamar mai toshe rufin da ke yoyo. A dama kuwa bahago kaɗai ke sa shi.

Bahago ɗaya ne a filin da suke harbi ranar hutu: mai kantin magani, gwauro, mai yawan turare da dariya.

Bai tambaye ta ba. Ya yi karatu da yawa, a ganinsa ya san inda irin wannan labari yake ƙarewa. Sai ya mayar da bakan, ya zuba ido. Ta daina bin sa fili, wai ta fi son bayan gida. Ga yawan zuwa kantin magani, wai ciwon kai. A katangar katako ta bayan gida ya ga ramukan kibiya nesa da abin da ake auna harbi, ya ce a ransa ashe bahagon ko saitin kirki ba shi da shi. Ran da kofi ya suɓuce mata ya fashe, cewa ya yi ai hankali in ya yi balaguro, hannu ba ya riƙe komai.

Ko da mai kantin ya tare shi a fili yana tambayar jikin uwargida, sai ya mayar masa da cewa ai shi mai kantin za a tambaya.

Sau ɗaya ta ɗauko maganar, suna cin abinci.

"Baban yara, ka ga abin da na yi wa bakan nan?"

"Bakanki ne. Ki ba wanda kika ga dama."

Ta dube shi har ya kawar da kai. Ta kwashe kwanuka a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

A kicin ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti ba ta ƙara magana ba har ta rasu.

Bayan an watse zaman makoki, ƙanwarta tana ninke kayanta ta faɗa masa, ba ta ko ɗago kai ba: hannun dama ne ya fara mutuwa tun da daɗewa. Yaya ta hana a gaya masa, wai zai tayar da hankalinsa. Tana koyon ja da hagu ne a ɓoye, don ta koma fili tare da shi.

Ko a nan bai yarda ba, hali zanen dutse. Ya kai bakan bakin taga, ya sa tabarau. A cikin busasshen gam akwai shatin yatsa, ƙarami, siriri. Ya ɗora nasa a kai, ya rufe shi ruf.

Bakan yana nan a ƙusa, matashin a dama, a karkace. Bai gyara ba. Shi da ya karance litattafai cike da kabad, kalma huɗu ce ta gagare shi: "Me ya sami hannunki?"