Jarkokin Bayan Ɗaki

Hadari ya haɗo ta wajen unguwar Ojoo, baƙi ƙirin, Khaulat kuwa ko ɗaga kai ta kasa don gajiya. Rani guda ta ƙare tana ɗibar ruwan rafin da ke gangaren Sabo tana kaiwa ɗakin gwaji, don ta hango abin da dattin unguwa zai yi wa kifi in damina ta sauka. A bakin rafin nan yayanta Talha yake kiwon tarwaɗa, da su yake riƙe iyalinsa.

Babbar fargabarta ruwan soda ne, ragowar haɗin sabulun da matan unguwa ke yi a cikin gida, har da Innarta. Gida-gida ta bi, sai da muryarta ta dushe, tana roƙon kada a ƙara zuba shi a kwata. Tsiya kam ta sha ta, wai ga likitar kifi ta iso. Amma fa sun ji. Awo ya yi ta kyau, har ta ce wa Talha bana ya kwantar da hankalinsa, rafi na kawowa ya buɗe wa tafkinsa, tun da ruwan ciki ya ja baya.

Ruwa ya kece, ya daɗe yana zuba. Can ta jiyo ana jan wani abu mai nauyi a tsakar gida. Ko da ta leƙo, Inna ce, jiƙe sharkaf, tana tuntsurar da jarka a bakin kwata. Wasu jarkokin tuni sun zama wayam. Ta dubi lungu, kowace ƙofa haka, kumfa fari fat yana gangarawa.

"Ai mun ji maganarki, 'yar nan," in ji Inna, tana haki. "Ko ɗigo ba mu zubar ba duk rani. Tarawa muka yi, yanzu ruwan Allah ya tafi da shi."

Khaulat ta bi kumfan da ido, rafi ya nufa kai tsaye. Ta auna rafi iya aunawa, bayan ɗakin uwarta ne ba ta taɓa leƙawa ba. Ta kira Talha a waya, sai ta ji shi cike da murna.

"Ƙanwata, na buɗe tun ɗazu, kamar yadda kika ce. Ki zo ki ga yadda kifin suke tsalle."

Ta zauna a kan wata jarka. Inna ta taɓa kafaɗarta, ta ce ta ɗan ɗaga, wannan da saura a ciki.