Idon Injiniya

Ta ajiye madubin hangen nesan a kan teburin ofis, ta ɗora littafin ƙidaya a gefensa, ta ce, "Ga kayanku nan."

Dogo, jami'in da ke kula da gandun tsuntsaye na bakin dam, ya miƙe ya gaishe ta. Wata biyar ke nan da rasuwar mijinta, Injiniya. Shekara goma sha tara yana zuwa duk Asabar a lokacin sanyi, yana ƙirga agwagi da dinyoyin da ke sauka a ruwan, ita kuma tana biye da fulas ɗin shayi. Tun da aka binne shi ba ta yi kuka ba, kuma ba dauriya ba ce. Ko abinci sai ta cinye take tunawa ba ta sa gishiri ba.

"Mama, akwai magana," in ji Dogo, yana sosa ƙeya. "Ranar gaisuwa na ji 'yarku tana cewa Baba ya shekara uku yanar ido ta rufe masa gani. Bakina ya suɓuce a babban ofis. Yanzu sun ce a soke ƙidayarsa ta shekaru ukun nan, wai kintace ne."

"Kintace," ta maimaita.

Mutumin da ko sukari zai sa a shayi sai ya share bakin cokali da wuƙa, shi ne yau mai kintace. Ta saurari kanta ko za ta ji haushi, ba ta ji komai ba. Alkawari kawai ta tuna. Ranar da likita ya gama duba shi, Injiniya ya kama hannunta a bakin ƙofar asibiti ya ce, "In suka sani za su karɓe rumfar ƙidayar su ba wani. Kada kowa ya ji."

Ta dubi littafin. Mai alkawarin ya tafi, sunansa ne ya rage.

"Ɗauko kayan mu je," ta ce.

Suka bi siririyar hanya tsakanin ciyayi. Iska mai sanyi na tasowa daga ruwa, amma sabon tsiro ya fara leƙowa a gindin busasshen kara, tsattsewa biyu na shawagi a saman bututun famfo. Rumfar ta katako ce, da 'yar taga doguwa, da benci guda. Ta zauna a dama, wurin mai dubawa. Dogo, da ya san nan ne wurin Injiniya, ya ɗauka ruɗewa ce. Ya sa madubin a ido daga tsaye, ya jima.

"Dinya talatin da ɗaya."

Ta miƙa hannu ta karɓa. Yatsanta ya murza zoben madubin ba tare da lalube ba.

"Talatin da bakwai. Shida suna bayan kututturen can. Kullum nan suke ɓuya in iska ta taso daga gabas."

Dogo ya karɓa ya duba, ya sake dubawa. Sai ya buɗe littafin yana ja da baya shafi-shafi. A shekarun farko rubutun ƙanana ne masu tsabta, nata. Daga shekara uku baya lambobin suka koma manya-manya, suna hawa layi suna sauka, rubutun wanda hancinsa ke kusan taɓa takarda.

"Mama, ashe ke ce?"

"Idona, hannunsa. Musanya wuri kawai muka yi. Bai taɓa rubuta abin da ban gani ba, har faɗa muke yi a kan agwagwa ɗaya. Ka je ka gaya musu."

"Wallahi ba za a soke ko layi ɗaya ba. Ni na ɓata, ni zan gyara." Ya buɗe shafin ƙarshe, ya ce, "Shafin bana fayau yake. Ga su sun fara haramar tafiya, mako mai zuwa ba lallai a same su ba."

Ta miƙa hannu, ya ba ta. Ta mayar da madubin idonta, shi kuma ya zauna a hagu da fensir.

Aikin yana da ƙa'ida ɗaya: mai dubawa ba ya ɗauke ido, don da zarar ya dubi ƙasa garken ya cakuɗe, sai a faro daga farko. Saboda haka yakan faɗi lamba, ya jira mai rubutu ya amsa, sannan ya wuce gaba. Ta fara daga busasshiyar bishiya, goma-goma, leɓenta na motsi. Agwagin sun cika gefen ruwa, suna tashi kaɗan suna komawa, ba su da natsuwa.

"Agwagwa, bishiya zuwa bututu, ɗari huɗu da sittin."

Fensir ya yi ƙara a takarda.

"To," in ji Dogo.

Ba ta wuce gaba ba. Agwagin suka fara zamewa daga inda ta tsayar da su, tana kallo. Sanyin bencin ya ratsa zanenta, ya hau bayanta, ya kai ƙirji. Rabonta da jin sanyi tun kafin jana'iza.

"Mama, na rubuta fa."

"Ba haka ake cewa ba."

"Me ake cewa?"

Ruwan ya dushe a cikin madubin. Ta murza zoben, ta sake murzawa, bai washe ba. Duk da haka ba ta ɗauke ido ba.

"'Na kama, yarinya,' yake cewa," ta ce. "Kai ka ce na kama kawai."