Ƙarfe na Huɗu a Gwiwar Kelappan

Duk garin Vadakara an san Gurukkal Kelappan, malamin faɗan sanda da gyaran targaɗe, kuma an san bakinsa. Shekara hamsin yana koyar da marma, makasan nan ɗari da bakwai na jikin mutum, waɗanda in aka danna ɗaya daidai a warke, in aka kuskure a kwanta. Likitocin asibiti kuwa mahauta yake ce musu, har da jikarsa Vasanthi, likitar ƙashi, wadda shi ya goya ta.

Ita Vasanthi ta daɗe da lura cewa tsohon ya daina sauka ramin da yake horar da ɗalibansa a ciki. Sai ya zauna a bakin matakala yana ba ɗalibai umarni, wai daga sama ya fi ganin kuskure. Ƙarya ce tsagwaronta, gwiwar dama ce ta ƙi. Abin yana cin ranta, don ta san in aka ƙara wata shida ko tsakar gida ba zai taka ba. Da ta ambaci hoton ƙashi, ya ce ta fara ɗaukar hoton kanta a ga ko akwai wani abu a ciki.

Shi ke nan ja'irar ta sake dabara. Ranar Lahadi suna cin shinkafa da kifi a ganyen ayaba, ta ce, kamar ba da gangan ba, wani babban likitansu ya ce marma tatsuniya ce, babu ko ɗaya da ta dace da gaɓa ta gaskiya. Tsoho ya ƙware da ruwa. Ta ce ai da sauƙi a kunyata mutumin: a manna 'yan ƙananan ƙarafa a kan makasan gwiwa, a ɗau hoto, kowa ya gani. Sai dai ita ba ta san gwiwar da za a amince da ita ba.

"Gwiwar wa kike nema bayan tawa, 'yar nema?"

Washegari ya sha farin zane, ya hau teburin asibiti yana hura hanci. Da kansa ya lalubi wuraren da ɗan yatsa, ya manna ƙarafan da filasta, bai bari kowa ya taɓa shi ba.

Hoto ya fito. Ƙarafa uku sun zauna cif: ɗaya a mahaɗar ƙasusuwan, biyu a inda jijiyoyi suka kama. Ko Vasanthi sai da ta jinjina kai. Tsohon ya ce a kira masa babban mahaucin ya zo ya ba da haƙuri.

Amma ita idonta yana gefen ciki, inda guringuntsi ya cinye sarai, ƙashi yana gugar ƙashi. Tana neman yadda za ta fara gaya masa, sai ta ga ƙarfe na huɗu, daidai wurin.

"Kaka, wannan wace marma ce? Ban san ta ba."

Kelappan ya ja zanensa ya rufe gwiwar, ya kau da kai wajen taga.

"Ba ta cikin ɗari da bakwai. Wata takwas ina shafa mata mai, ta fi ƙarfina." Ya juyo ya dube ta. "Ki sa ranar yankan. In ɗalibaina sun tambaya, ki ce na tafi koya wa likitoci aiki."